Yadda ake daidaita mayaƙi da mai sihiri a wasan tebur na duniyar tatsuniya

Mu biyar ne a tebur a daren, ni ke jan wasan. Mako guda na kwashe ina zana wata ganuwa a bakin kwazazzabo: gada ɗaya, masu gadi goma sha biyu, ƙofar ƙarfe, ga hasumiya a can ciki inda aka ɓoye takardar da suka zo nema. A raina na ce yau dai ranar mai takobi ce. Ina gama kwatanta wurin, wanda ke riƙe da mai sihiri ya duƙa kan takardarsa, ya tambaye ni nisan hasumiyar. Na ce ƙafa 400. Ya ce to, yana da sihirin da ke ɗauke mutum da abokin tafiya ɗaya har nisan ƙafa 500, kuma gwarazansu suna mataki na 8 na ƙarfi, yana iya yin sa sau biyu. Ya kama hannun ɓarawon ƙungiyar suka ɓace, suka ɗauko takardar, suka dawo. Minti shida aka yi. Shi kuwa mai riƙe da mayaƙin, tun ɗazu yake jera dayis ɗinsa ɗaya bisa ɗaya kamar mai gini. Ya ɗago kai ya ce, "Shi ke nan? To ni kallo na zo ke nan."

Ba wanda ya yi maguɗi a wurin nan. Dokar wasan ce ta ba da dama. A irin wannan wasa, wanda Dungeons & Dragons ya buɗe wa hanya a 1974 daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson, kowane ɗan wasa yana riƙe da gwarzo ɗaya, jagora yana ba da labari, dayis yana yanke hukunci. Matsalar da ta daɗe tana damun masu jan wasa ita ce, duk matakin da mayaƙi ya hau, saransa ne kawai ke ƙara nauyi, amma shi mai sihiri duk matakin da ya hau sai ya samu sabuwar hanyar warware abin da a da sai an haɗu ake warwarewa. Misalan da ke tafe daga bugu na biyar na D&D na ɗauko su, wanda ya fito a 2014, don shi aka fi bugawa, amma dabarun suna aiki a yawancin wasannin da suka yi kama da shi.

Fara da aunawa, kada ka taɓa doka tukuna

Ka ɗauki takarda, ka rubuta sunan kowane gwarzo a layinsa. Zama uku a jere, duk lokacin da wani ya yi abin da ya juya akalar labari, ka ja masa layi ɗaya. Wanda ya buɗe ƙofar da ta gagara, wanda ya shawo kan sarki, wanda ya kawo ƙarshen faɗa, wanda ya gano hanya. Kada ka ƙirga yawan ɓarnar da aka yi wa abokan gaba, wannan lissafin daban ne kuma shi ne ke yaudarar mutane. Ka raba takardar gida biyu: cikin faɗa da wajen faɗa.

Abin da na sha gani shi ne, a cikin faɗa layukan ba su da nisa da juna, musamman kafin mataki na 5. A wajen faɗa ne ake yi wa mayaƙi fintinkau. In naka ya nuna haka, ƙara wa takobi kaifi ba zai yi maganin komai ba. In kuma layukan sun zo daidai, kuma ba wanda ke jera dayis don gundura, ka bar kaza cikin gashinta. Tebura da yawa ba su da wannan ciwon, sun dai karanta labarinsa ne.

Gyara tsawon yinin wasa

Nan ne rabin matsalar take, don haka zan daɗe a kai.

Mai sihiri yana da gurabe ƙidayayyu da yake kashewa, kowane babban sihiri yana cin gurbi ɗaya, ba sa dawowa sai ya yi dogon hutu na awa 8. A mataki na 5 gurabensa tara ne: huɗu na daraja ta ɗaya, uku na ta biyu, biyu na ta uku. Mayaƙi kuwa takobinsa ba ya ƙarewa, kuma ɗan abin da yake kashewa, kamar damar ninka harinsa sau ɗaya, yana dawo masa bayan gajeren hutu na awa ɗaya. An gina wasan ne a kan cewa ɗaya mai gudun tsere ne, ɗayan mai doguwar tafiya. Littafin jagora na 2014 ya yi lissafinsa a kan arangama shida zuwa takwas a yini, da gajeren hutu kamar sau biyu a tsakani. Gaya mini gaskiya, tebur nawa ke yin haka? Yawanci faɗa ɗaya ake yi babba, kowa ya kwanta barci, gari ya waye gurabe sun cika.

Bari mu yi lissafin a fili. Mayaƙi a mataki na 5 da babban takobi mai hannu biyu: dayis biyu masu fuska shida da ƙarin 4, wato 11 a matsakaici duk sara. Yana sara sau biyu a zagaye, wato duk sanda yi ya zagayo kansa a faɗa, a ce kashi 65 cikin ɗari suna samu, ya tashi da kusan 14 a zagaye. Shi kuma mai sihiri yana da dunƙulen wutar nan da littafin ya kira Fireball: dayis takwas masu fuska shida, 28 a matsakaici, ga duk wanda ke cikin da'irar ƙafa 20 daga inda ta fashe. In ta samu maƙiya huɗu, biyu suka kauce suka sha rabi, jimla 84 ke nan. Jifa ɗaya ya yi aikin zagaye shida na mayaƙi.

A yinin faɗa ɗaya mai zagaye uku, mayaƙi zai tashi da kusan 57 har da ninkin harinsa. Mai sihiri ya jefa wuta biyu, 168, kafin ma a ƙirga zagaye na uku. Ninki uku ke nan. Yanzu ka miƙe yinin zuwa faɗa shida, zagaye 18, da gajeren hutu biyu. Mayaƙi ya kai wajen 300. Mai sihiri yana iya dawo da gurbi ɗaya na daraja ta uku a gajeren hutu, ya jefa wuta uku, 252, sauran zagayen ya koma kan ƙaramin sihirinsa mara ƙarewa da ke ba shi kusan 7, ya kai wajen 360, ko ya ɗara kaɗan in ya kashe ƙananan gurabensa a kan hari. Kuma ba kullum maƙiya huɗu za su tsaya masa wuri ɗaya ba. Ka ga ba a canza doka ko ɗaya ba, tazarar ta tsuke.

Hanyoyi biyu ne na miƙe yinin. Ta farko, ka sa agogo a cikin labarin. Jirgin ruwa zai tashi da asuba, za a yanka wanda aka kama idan wata ya cika, ruwa yana hawa a cikin kogon. In sun ce za su kwana don gurabe su dawo, kada ka hana su, ka dai bar duniyar ta ci gaba da tafiya: masu gadi sun ƙaru, an mayar da fursunan wani wuri. Sau ɗaya za su ɗanɗana su gane.

Ta biyu, ga wanda labarinsa na tafiye-tafiye ne da siyasar fada, inda faɗa shida a yini zai zama abin dariya: littafin jagoran nan yana da wata doka ta zaɓi da ke mayar da gajeren hutu awa 8, dogon hutu kwana 7. Ni nakan sassauta ta, in ce dogon hutu sai a wuri mai aminci, gari ko sansani mai tsaro, kwanan daji kuwa gajeren hutu ne. Faɗa shidan sai su bazu a kan mako guda na labari. Abu ɗaya za ka lura da shi: sihirin da aka rubuta yana ɗaukar awa 8, kamar sulken sihiri, an yi shi ne don ya rufe yini guda, don haka ka tsawaita shi daidai da sabon tsarin, in ba haka ba ka cuci mai shi.

Karanta takunkumin da ke cikin littafin, ka yi aiki da shi

A tsofaffin bugu mai sihiri yana shan wuya kafin ya yi ƙarfi. A AD&D, ɗaya daga cikin tsofaffin bugun nan, dayis mai fuska huɗu yake jefawa don ƙarfin ransa, sihiri ɗaya tak yake da shi a matakin farko, sai ya tara maki 2,500 kafin ya hau mataki na 2 alhali mayaƙi 2,000 yake bukata, kuma in aka buge shi yana tsakiyar karanta sihiri, sihirin ya tafi a banza. Bugu na uku a 2000 ya daidaita makin hawa ga kowa, ya kuma sassauta sauran, daga nan kuka ya yi yawa. Bugu na biyar ya dawo da wasu takunkuman, sai dai masu jan wasa ne ke mantawa da su.

Babbansu shi ne tattara hankali. Manyan sihirai masu daɗewa, irin su tashi sama, ɓacewa daga gani, da katangar da ba a fasawa, ɗaya kawai ake iya riƙewa a lokaci guda. Duk sanda aka ji wa mai riƙe da shi rauni, sai ya yi jifan tsira, wato ya jefa dayis ya kai 10 ko rabin raunin, duk wanda ya fi yawa, in ba haka ba sihirin ya kuɓuce masa. Ka tuna masa duk sara, kada ka ji nauyi. Maƙiyi mai hankali, in ya ga wani yana riƙe da rabin rundunarsa da sihiri, shi zai sa wa kibiya.

Sai sharuɗɗan yin sihirin. Mai bukatar furuci ba a yin sa a ɓoye a gaban sarki, kowa zai ji. Mai bukatar motsin hannu yana son hannu ɗaya a sake. Mai bukatar kaya masu farashi sai an mallaki kayan: dawo da wanda ya mutu cikin minti ɗaya yana cin lu'ulu'u na zinariya 300, kuma lu'ulu'un ƙonewa yake yi. Sihirin buɗe makulli yana yin ƙara da ake ji har ƙafa 300, ka ga ɓarawo zai ci gaba da samun aiki. Da yawa kuma sai kana ganin wanda za ka jefa, wato hayaƙi ko duhu ko kwana ɗaya a lungu ya isa ya hana. Kafin zama na gaba, ka karɓi jerin sihiran 'yan wasanka ka karanta kowanne har ƙarshe. Za ka yi mamakin yawan abin da ake yi a teburinka wanda rubutun bai ce ba.

Ba mayaƙi abin zaɓa a fagen fama

Ɗan wasan da duk zagaye maganarsa ɗaya ce, "na sare shi", zai gaji ko da saran yana kashe dodo. Masu ƙirƙirar wasanni sun daɗe da gane haka. Littafin Tome of Battle na 2006 ya ba masu makami salon faɗa masu suna. Gyararren littafin 'yan wasa na 2024 ya kawo ƙwarewar makami iri takwas, ciki har da mai ture maƙiyi ƙafa 10, da mai kayar da shi ƙasa, da mai rage masa gudu. Wani wasan mai suna Dungeon Crawl Classics kuwa ya fi burge ni: mayaƙi ya faɗi bajintar da yake so ya yi tare da saransa, ya jefa wani dayis na musamman, in ya kai 3 kuma saran ya samu, bajintar ta tabbata.

In kana buga tsarin 2014, ga doka mai sauƙi da nake amfani da ita. Sau ɗaya a zagaye, in saran mayaƙi ya samu, yana iya cewa yana so ya fizge makami, ko ya tura, ko ya kayar, ko ya watsa ƙasa a ido. Maƙiyin ya zaɓa: ko ya yarda abin ya same shi, ko ya sha ƙarin rauni na dayis ɗaya na makamin. Ba sabon tebur na lissafi, ba jinkiri. In akwai mai riƙe da nau'in mayaƙin da dama aikinsa ke nan, mai dayis huɗu na dabarun yaƙi, ka bar masa nasa su fi ƙarfi, kada kyautar da ka yi wa kowa ta cinye abin da ya zaɓa.

Sannan ka cika filin da abin taɓawa. Igiyar da ke riƙe da fitilar sama, tukunyar mai, ginshiƙin da ya tsage, bakin rami. Ka faɗe su da bakinka a farkon faɗa, don ba wanda zai tura maƙiyi cikin ramin da bai san yana nan ba.

Wajen faɗa, inda aka fi barin sa a baya

Dubi wannan. Dokar tsalle a bugu na biyar ta ce in ka yi gudu, za ka tsallake ƙafa daidai da makin ƙarfinka. Mayaƙi mai ƙarfi 20, iyakar abin da yawanci ake kaiwa, ƙafa 20 ke nan. Mike Powell ya tsallake mita 8.95 a 1991, wato sama da ƙafa 29, ba sihiri ba komai. Gwarzon da ke fafatawa da dodanni bai kai ɗan wasan tsalle na duniyarmu ba, alhali abokinsa yana tashi sama tun mataki na 5, a mataki na 13 yana ɗauke ƙungiyar duka zuwa wata nahiya, a na 17 yana yin fata ta tabbata. Mun yarda mai sihiri ya zama na tatsuniya, mun ɗaure mai takobi da igiyar gaskiya.

Kwance igiyar. Ka zauna da ɗan wasan ku rubuta abin da gwarzonsa zai iya ba tare da jifa ba a kowane zango. Daga mataki na 5, ƙofar katako ba ta tsayar da shi. Daga na 10, yana riƙe ƙofar ganuwa da kafaɗa har mutanensa su wuce, yana kwana uku yana tafiya ba barci. Daga na 15, yana tsallaka kogi, yana kokawa da ƙato. In ya zo ga irin waɗannan, amsarka "ka yi" ce, sai ka tambaye shi yadda abin ya kasance.

Na biyu, ka ba shi mutane. A AD&D mayaƙi in ya kai mataki na 9 yana iya gina ganuwarsa, sojoji su zo su yi masa mubaya'a. Wannan ne amsar tsohon wasan ga ƙarfin sihiri, sababbin bugu suka yar da shi. Ba sai ka jira mataki na 9 ba. Tun da wuri a samu tsohon abokin yaƙinsa a ƙofar kowane babban gari, maƙerin da ya san sunansa, shugaban dakaru da ba ya sauraron kowa sai wanda ya taɓa riƙe garkuwa. Talakawa suna tsoron mai sihiri, suna son jarumi. In ƙungiya tana bukatar jirgi, ko mafaka, ko mutum hamsin da za su tare hanya, ta hannunsa za a samu. Ka ga layukansa a waccan takardar sun fara yawa.

Rabon kayan sihiri

Kada ka bar wa dayis wannan. Takobin da ke ƙara 1 ga sara yana da daɗi, amma ba ya buɗe sabuwar ƙofa. Ka ba mayaƙi abin da ke toshe giɓinsa: takalmin tashi, igiyar da ke hawa da kanta, mashin da ke dawowa hannu, garkuwar da ke taimakonsa tsallake sihirin juya hankali. Doka ta ce cikin kayan sihirin da sai an ɗaura su ga rai suke aiki, uku kawai mutum zai ɗaura wa ransa a lokaci guda. A tebur da tazara ta yi yawa, nakan bar waɗanda ba su da sihiri ko kaɗan su ɗaura na huɗu daga mataki na 11.

Maƙiya da fili

Babban dodo guda a tsakiyar fili abincin mai sihiri ne: jifan tsira ɗaya ya faɗi, faɗa ya ƙare. Shi ya sa aka ba manyan dodanni damar ƙin faɗuwa, yawanci sau uku a yini. Wasan Pathfinder bugu na biyu, na 2019, ya bi ta wata hanya, inda sihiran da ke gama faɗa nan take suke rage ƙarfi a kan maƙiyin da ya fi su mataki sosai.

Ka riƙa kawo maƙiya kashi-kashi. Kashin farko ya sha wuta, na biyu ya ɓullo ta baya a zagaye na uku, lokacin da gurabe suka yi ƙasa. Ka sa ƙofa ko gada da sai mutum ɗaya mai sulke ya tsaya a kai. Wani lokaci kuma ka tara ƙananan maƙiya ashirin wuri ɗaya ka bar mai sihiri ya ƙone su, ya ji daɗin abin da ya zaɓa. In kowane kogo ya zama wurin da sihiri ba ya aiki, kowane maƙiyi yana da maganin wuta, an yi gudun gara an faɗa gidan zago: yanzu wani ne zai zauna yana jera dayis.

Abin da sai an zauna an yi magana

Akwai sihirai kaɗan da ke iya rusa irin labarin da kake son bayarwa. In labarin doguwar tafiya ce, mai ɗauke mutane zuwa wata ƙasa zai kashe shi. In na bincike ne, mai karanta zuciya zai gajarta shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: kafin a fara wasan, ka faɗi guda uku ko huɗu da za ka cire ko ka sa wa sharaɗi, misali ba a ɗauke mutum sai tsakanin da'irori da aka riga aka zana. Kada ka jira sai ɗan wasa ya kai mataki na 13 yana murna sannan ka ce ka hana.

Kuna iya kuma yanke inda wasan zai tsaya. Masu buga bugu na 3.5 suna da wani tsari da suke kira E6, inda hawa ke tsayawa a mataki na 6, daga nan sai ƙananan ƙwarewa kawai ake ƙarawa. A bugu na biyar, tsayawa a mataki na 10 yana kawar da yawancin ciwon kan. Ko ku rungumi rashin daidaiton gaba ɗaya kamar wasan Ars Magica na 1987, wanda ya ce a fili masu sihiri sun fi kowa, sai ya ba kowane ɗan wasa gwarzo fiye da ɗaya, yau kai ne mai sihiri, gobe kai ne mai riƙe masa garkuwa.

Duk wanda ka zaɓa cikin waɗannan, canji ɗaya ko biyu za ka shigar a lokaci guda, ka gaya wa kowa gwaji ne na zama uku. Ka fara da tsawon yini da kuma mutanen mayaƙi, don su biyun ba sa rage wa kowa komai a takardarsa. Bayan zama ukun, ka sake fito da takardar layukan nan, ka ajiye ta kusa da ta farko a tsakiyar tebur, kowa ya gani da idonsa, sannan ku yanke abin da za a riƙe da abin da za a mayar yadda yake.